Gidan Sauron Bijimin Kawu

Wata damina na koma ƙauyenmu da ke kusa da Falgore don in taya kawuna aikin gona. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura sittin, kuma duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar bijimansa biyu na huɗa. Kafin zuwana an raba gidan sauro a asibitin garin, shi ma ya karɓo guda.

Ina shiga gidan na hango gidan sauron a turke, shuɗi, an kafa masa gwafa huɗu. Babban bijimin yana ciki a kwance yana tuƙa.

Bayan mun gaisa na ce, “Kawu, ai wannan na mutane ne.”

“To shi me ya yi?” in ji shi. “Ni hannu biyu gare ni. Shi wutsiya ɗaya, ita ma ba ta kai wa wuya. Kai ka yi mana adalci.”

Ranar ma na ji cewa ƙaramin bijimin yana shiga ran Litinin da Alhamis.

Sauron shekarar ba ya jiran magariba. Ƙafafun Kawu duk sun yi rudu-rudu, ga shi ba ya rabo da susa. Totuwar masara yake yawo da ita a aljihu. In ya tsaya magana da mutum sai ya sunkuya ya goga a ƙwauri, yana lumshe ido, yana cewa ci gaba ina jin ka. Da wurin ya fashe ya shafa toka. Da ya fara ruwa ya shafa baƙin man inji, wai sauro zai sauka ya zame. Cikin mako guda ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, zazzaɓi kuma ya rufe shi.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta fito da hularsa ta miƙa mini ta ce, “Ɗora shi a babur, kada ka saurari komai.”

A asibiti malamar jinya ta daɗe tana wanke man kafin ta ga ciwon. Tana wankewa tana tambaya.

“Baba, ba a ba ku gidan sauro ba?”

“An ba mu, ’yar nan, Allah ya yi albarka. Kullum a ɗaure yake.”

“Wa ke kwana ciki?”

“Babban.”

“Madalla. Shekararsa nawa?”

“Biyar.”

“Yana zuwa makaranta?”

Kawu ya dube ta da mamaki. “Wace makaranta? Huɗa yake yi.”

Ta ajiye audugar ta juyo gare ni, dole na yi bayani. Ta fita waje, muna jin ta tana dariya ita kaɗai, sannan ta dawo da fuska a ɗaure. Ta ɗebi jini a yatsansa, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne. Ta ba da magani ta ce a shanye shi duka. Ta ce cizon kansa da an bar shi da ya baje, susar ce ta buɗe fata ƙazanta ta shiga. In ya yi ƙaiƙayi a wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi. A yanke farce, a cike kududdufin bayan gida, shi kuma ya koma cikin gidan sauron.

“Su bijiman fa?” in ji Kawu.

“Ku yi musu hayaƙin ganyen darbejiya, Baba.”

Haka aka yi. Na kwance gidan sauron, Kawu ya juya baya don kada su haɗa ido da bijimin. Inna ta ƙwace totuwar ta jefa a murhu, ta yanke masa farce. Da ta ga bai daina ba, sai ta zura masa safa a hannu biyu ta ɗaure da zare.

Da safar yake zama ƙofar gida, da ita yake ba masu dubiya hannu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce umarnin asibiti ne. Ciwon kuwa ya kama bushewa, kowa ya gani. Kafin Juma’a ta zagayo dattawa uku na unguwar sun sa tasu, har da wani da ba abin da ya cije shi, ya ce shi rigakafi yake yi. Ɗaya ya rasa biyu iri ɗaya, ya sa ja a dama, kore a hagu.

Sai da liman ya tsaya bayan sallar la’asar ya yi musu bayani cewa dole a cire kafin alwala. Kawu ya ɗaga hannu, da safarsa, ya ce ya ji, amma a aika wa Inna, don ita kaɗai ta iya kwance ƙullin.