Dakan da Na Yi a Ƙofar 'Yan Sa-kai

Ban taɓa son kiɗan nan nasu ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Autana ne da abokansa biyu, sai wani saurayi makiyayi da ke zuwa daga wajen Faskari ranar kasuwa da sarewarsa cikin riga. A lokacin mun baro ƙauyenmu na ƙasar Sabuwa saboda 'yan bindiga, muna raɓe a gidan ƙanena a Ƙanƙara. Samarin da suka baro gona tare da mu, wasu sun kama acaɓa, wasu dako. Nawa sai ya kama yawo da waya ɗaure a kan sanda yana ɗaukar ƙara.

Ƙara fa, ba waƙa ba. Injin niƙa, kukan kwaɗi a fadama, jarkar da ake bugawa, tashin babur. Har dakana ya ɗauka, yana tsugune gefen turmi kamar kaza mai jiran tsaki. Suka kwashi wannan tarkace suka kai situdiyo a Funtuwa, aka haɗa da fiyano da sarewar da muryoyinsu, suka dawo suna cewa sun yi albam na farko. Sau ɗaya na saurara. Na ce masa ko tsakuwa aka zuba a kwano ta fi wannan tsari. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ke ce ma babbar makaɗiyar."

Damina na tsaka aka afka wa wani ƙauye kusa da mu. Washegari wani ya ce shi dai ya ga ɗana a bakin daji, tare da makiyayi, ya ɗaga waya sama. Kafin azahar kalmar ta zagaye unguwa: infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. 'Yan sa-kai suka zo suka tafi da shi daga shi sai singileti. Abokan nan biyu suka ɓace. Ni kuwa na san waɗanda aka kira da wannan suna a ƙasarmu, ba su cika isa gaban alƙali ba.

Ƙanena ya ce in bari maza su je. Amma shi kansa bai tashi daga inda yake zaune ba. Na ɗauki mayafi da ƙaramar wayata, wadda yaron ya cusa mini waƙoƙin a ciki ba da sona ba, na fita.

Na sami ɗana a ƙofar 'yan sa-kai, ɗaure a gindin dalbejiya, hannu ta baya, leɓe a fashe. Shugabansu na zaune a benci, bindiga kan cinya. Mutum ne da aka kashe wa ƙanne biyu a gona, kowa ya sani, ban kuma zo in raina masa ciwonsa ba.

"Inna, koma gida," in ji shi.

"Malam, in koma in yi mi? Ka ji abin da ya kai shi dajin, sannan ka kore ni."

Aka jona wayar da sifika. Abin ya tashi: kwaɗi, injin niƙa, wata murya da aka ja ta kamar ta aljani. Wani mai jar hula ya ce, "Wannan waƙa ce ko ciwon ciki?" Suka yi dariya, na ji sanyi kaɗan. Sai ƙarar babura ta shigo cikin kiɗan, dariyar ta tsaya cak. A ƙasarmu ba wanda ke jin babura da yawa ya ci gaba da dariya.

"Inkiya ce," in ji mai jar hular. "Da haka suke kiran juna."

Na ce, "Tashar acaɓa ce ta bakin kasuwa, ga muryar mai rake nan a baya. Wannan kuma da ke bugawa a ƙasa turmina ne. In inkiya ce, ni na buga ta, ku ɗaure ni."

Shugaban ya ce kowa na iya tura waƙa a waya ya ce tasa ce. In ɗana ne ya yi, ya yi a nan.

Na aika aka mirgino turmin, mutane suka biyo shi. Ba a daka turmi ba komai a ciki, kuma ba ranar da zan fara ba ce, sai na roƙi matar maƙwabta ta zuba mini gero tafi biyu. Tun da aka kai ni ɗaki ban taɓa daka a gaban mazan waje ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu, na ɗaga taɓarya. Aka kwance ɗana, aka tura masa jarka. Yatsunsa sun kumbura, ya buga sau ɗaya ya runtse ido.

"Buga," na ce masa. "Kai da ka hana mu barcin rana. Buga!"

Ya buga da gindin tafi. Na daka, yana shiga tsakanin saukar taɓarya da tashinta, ya buɗe fasasshen bakin nan ya ɗora waƙar. Ranar na fara jin abin da take cewa: gonar da aka bari, dawa ta nuna ba mai yanka. Kafaɗata na ci da wuta, geron ya zama gari, ban tsaya ba, don na ga muddin ina daka ba wanda ya taɓa shi. Da sifikar da mu muka tafi daidai.

Shugaban ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na yarda shi ya yi. Saura sarewar. Wa ya busa?"

Yaron nan mai sarewa ya ci tuwona, ya sha gaishe ni a durƙushe, su ma an kore musu shanu bara. Na san in aka je rugarsu da wannan fushi, ba tambaya za a yi ba. Na ga bakin ɗana na motsi, na taka masa ƙafa.

"Tahi da shi," in ji shugaban. "Ranar kasuwa ya kawo mani mai sarewar da hannunsa. In bai kawo ba, mun san gidan."

Ban bar shi ya shiga ɗaki ba. A zaure na wanke masa baki da ruwan gishiri, na sa masa rigar ƙanena, na raka shi tasha kafin la'asar. Yana ta cewa, "Inna, ke fa? Gare ki za su zo." Na ce ya hau mota. Na gaya masa ya aika wa abokin nasa kada ya ƙara tako kasuwar nan, shi kuma kada ya sauka sai Zariya.

Ranar kasuwa na yi wanka da wuri, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na zauna inda duk mai shigowa sai ya bi ta kaina. Da hantsi suka iso, su uku, shugaban a gaba.

"Inna, ina yaron?"

Na ce, "Ba ya nan, Malam. Ni ce nan."