Saitin da ya ƙi zama yadda na sa shi

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, shekarun baya lokacin ina gyaran kwamfuta a Gaya. Akwai wani malami mai Islamiyya, Malam Sabi'u, ya gaji littattafan kakansa rubutun hannu, gara ta ci gefensu, wasu kana taɓawa suna marmashewa. Wata uku muka yi muna ɗaukar hotonsu shafi-shafi muna zubawa a kwamfutar makarantar.

Da muka gama na ce masa ajiya wuri ɗaya ganganci ce, sai muka kai akwatin ajiyar fayil gidan ƙanwarsa Malama Hadiza a Ajingi, tunda tana da sola da intanet. Na zauna a manhajar da ke tura fayil daga kwamfutar zuwa akwatin na tsara aikin turawa: ga foldar da za a ɗauka a Gaya, ga inda za ta sauka a Ajingi, kullum bayan la'asar, in netwok ya yanke ta sake gwadawa sau uku. Sai zaɓi na ƙarshe, ko dai madubi, wato duk abin da ya canza ko aka goge a nan haka zai zama a can, ko kuma ƙari kawai, a riƙa tara sabo ba a taɓa tsoho. Ni kuwa madubi na zaɓa, don kada akwatin ya cika.

Bayan kwana biyu na leƙa, sai na tarar saitin ya koma ƙari kawai. Na ce ƙila mantuwa na yi, na mayar. Sati na zagayowa ya sake komawa. Na tambayi Malam, ya yi dariya ya ce shi ko kunna ta bai iya ba. Na kira Malama Hadiza, ta ce ita goge ƙura kawai take yi wa akwatin. To, na canza kalmar sirri, na mayar da madubi, na kulle ɗakin kwamfutar na jefa mukulli a aljihu, ranar Juma'a ce da hantsi. Muna saukowa daga masallaci na buɗe, wallahi tallahi ya koma. Na duba rajistar manhajar, ta nuna da sunana aka canza, da sabuwar kalmar sirrin, daidai lokacin da muke cikin sahu.

Na nuna wa Malam, sai ya ce, "Injiniya, tunda ya ƙi, ka ƙyale shi haka." Raina bai so ba, amma na ƙyale.

Ba a yi wata ba wani malamin aji ya sa filashi a kwamfutar don buga jarrabawa, bairos ya bi fayilolin nan ya lalata su kaf, kuma aikin turawa ya riga ya tafi bayan la'asar kafin kowa ya lura. Da madubi ne, da lalatattun sun hau kan masu kyau a Ajingi, shi ke nan, ga takardun asali da yawa ba za su jure a sake buɗe su ba.

Washegari muka hau mota ni da Malam zuwa Ajingi. Na haɗa kwamfutata da akwatin, na buɗe foldar, sai ga shafin farko tas, jar tawada da baƙa. Na buɗe na biyu, na goma, na ƙarshe, duk suna nan, lalatattun kuma an ware su gefe. Malama Hadiza ta rangaɗa guɗa, Malam ya faɗi ya yi sujada a kan siminti, ya ɗago da hawaye yana cewa, "Yaya aka yi, Injiniya? Duka?" Na ce duka, Malam. Kafin azahar na mayar da komai, yanzu haka ɗalibai na karatu da su.

Mutane suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa na san ba ni ba ne. Na kai wa waɗanda suka fi ni sanin aikin a Kano rajistar, kowa ya juya ta ya miƙo mini, ba wanda ya gano yadda aka yi.

Shawarata, kada ku dogara da madubi shi kaɗai, ku bar kwafin da ba a gogewa a wani garin. In kuma kun saita abu sau uku ya ƙi, ku cire hannu tukuna. Ni dai har yau in zan shiga manhajar nan, sai na yi sallama.