Mai Ƙusa da Fuskoki Biyar

Yayana shekara talatin da ɗaya ya yi yana masinja a wani ofishi mai hawa uku. Mai Ƙusa ake ce masa, domin duk sa'ad da mulki ya sauya, shi ake miƙa wa guduma ya sauke hoton tsohon shugaba ya rataya na sabo.

Mutum ne mai tsoro, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa cewa hukuma da bakinsa ba, sai dai ya ce "su", ya ɗaga haɓa sama. Akawunan ofishin suna da wata kalma ta Turanci da suke yawan faɗa. Da ya tambaya, suka ce tana nufin gidan aiki irin nasu, tana kuma nufin manyan da ke riƙe da komai, waɗanda ko shugaba ya tafi su suna nan. Tun daga ranar ko bangon ofishin ba ya jingina da shi.

Tsoron nan ya hana shi yar da hoto. Yagawa laifi, kaiwa gida laifi, jefawa a shara ya fi duka. Sai ya riƙa buɗe firam ta baya, ya sa sabo a gaba, tsoho ya koma ciki.

Shekarar da aka hana ajiye hoton shugaban da aka tumɓuke, an zo an tafi da telan layinmu saboda kalanda mai hotonsa kawai. Wata bai cika ba aka kawo sababbin firam ofis, aka ce a buɗe tsofaffin a mayar da hoton shugaba cikin sababbin. Yaya ya daina cin abinci. Matarsa ta ce mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, wa zai kira shi ɗan tawaye? Bai yi dariya ba.

Kullum da safe, yana shara, sai ya zare tsofaffin hotunan ɗaki ɗaya ya cusa a riga, ya kawo shagona na kafinta in binne a garin katako. Ɗaki goma sha uku ya kwashe. Saura na oga, shi kuwa makullin ɗakinsa a aljihunsa yake kwana.

Ranar oga yana zaune ya ce a buɗe. Yaya ya lanƙwasa ƙusoshin bayan firam ɗin, fuskoki biyar suka zube a kan tebur. Oga ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wanda aka hana, ya tambayi wa ya sani.

"Ni da Allah, ranka ya daɗe."

Ƙarya ya yi, don ni ma na sani. Yaya ya ce a nan ya lura oga yana ta waiwayen ƙofa.

"Mayar da su cikin sabon, yadda suke," in ji oga a hankali. "Ba a san wanda zai dawo ba."

Na zaci hankalin Yaya zai kwanta. Ya zo shago ya zauna a kan benci, ya ce:

"Ƙane, da ni kaɗai ke tsoro. Yanzu shi ma yana tsorona. Wannan ya fi muni."

Shekara huɗu suka ƙara tare shi da oga, ba su sake haɗa ido ba. Hotunan ɗakuna goma sha ukun nan suna shagona har yau. Na sha ɗauko ashana, sai in mayar.