Wuƙar Goronyo da Ragon Inna

Ni dai tun ina saurayi Allah ya jarrabe ni da son 'yan wuƙaƙen aljihu. Ba na faɗa ba, ba na fawa ba, ƙananan nan da maƙera ke yi, masu naɗewa cikin ƙotarsu. Lokacin Turawa na nan, ina malamin awon auduga, aiki na kai ni kasuwannin Wurno da Rabah da Goronyo. Da na tashi daga awo, sai rumfar maƙera. Araha gare su, abin da wani ke kashewa a goro shi nake kashewa. Sai da na tara goma sha bakwai cikin wani ɗan akwati. Ranar Juma'a in baje su bisa tabarma, in wasa, in shafa musu man shanu, in mayar. Matata ta ce ko 'ya'yanmu ba na dubawa haka. Ba ƙarya ta yi ba.

Wadda na fi so a Goronyo na same ta. Ƙotar baƙin ƙaho ce, da zoben jan ƙarfe uku, in ka buɗe ta sai ka ji ƙaras. Kullum tana aljihuna, amma ko goro ban taɓa tsagawa da ita ba.

Wata rana da hantsi, bayan girbi, ina komowa gida Wurno ta bayan gari, sai na ji ana kira na. Wata tsohuwa ce ta unguwarmu, mijinta ya rasu, duk Inna muke ce mata. Tana durƙushe bakin wata gona, ragonta na kwance, ciki ya kumbura tim, baki na kumfa. Igiya ya tsinke ya je ya ci gyauron dawa, tohon nan mai kashe dabba. Shekara guda tana kiwonsa da dusa da harawa, shi kaɗai gare ta, shi za ta sayar ta sayi hatsin damina. In an yanka shi da sauran rai, mahauta za su sayi naman. In ya mutu haka, mushe ne, sai ungulu. Mace ba ta yanka a wurinmu, maza kuwa duk suna fadama wurin albasa.

"Ɗana, Allah ya kawo ka," in ji ta. "Kai da ba ka rabuwa da yuƙa. Taho ka yanka min shi."

Na sa hannu aljihu, na taɓa ta. Wallahi kaifinta ya isa, ban daɗe da wasa ta ba. Amma sai na hango jini na gangarawa cikin ƙotar, inda ba ya wankuwa. Abin da ya zo mini ke nan, ga rago na shure-shure a gabana.

Na ce, "Inna, yau ban fito da ita ba. Bari in ɗauko gida."

"Mi? To yi maza, ɗana."

Na yi gudu, gaskiya na yi gudu, kamar gudun zai wanke mini ƙaryar. Kuma da na buɗe akwatin sai da na tsaya zaɓe, ka ji lalacewa. Na ɗauki wata ta Rabah mai ƙotar icce, wadda na fi rainawa.

Ko da na komo ragon ya gama. Inna ta saki kansa, tana zaune tana kore masa ƙuda. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi zufar da ke zubo mini ta ce, "Sannu, ka sha gudu. Allah shi yi ma albarka. Kwanansa ne ya ƙare." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta roƙe ni in taya ta jan shi nesa da gonar mutane. Na duƙa zan kama ƙafafun baya. Duƙawar da zan yi, wuƙar Goronyo ta zame daga aljihuna ta faɗi tsakaninmu.

Kunyar da na ji, har yau da na tsufa ban ƙara jin irinta ba. Inna ta dubi wuƙar, ta dube ni. Ta ɗauka, ta goge mata ƙasa da bakin zanenta a hankali, ta miƙo mini.

"Riƙe, ɗana," ta ce. "Kak ta ɓaci."

Na karɓa. Muka ja ragon, ita da ƙaho ni da ƙafafu.