Dattijo Mai Kejin Beguwa

A tashar Gashua muna jiran motar Nguru ta cika. Kusa da ni wani dattijo yana zaune, ya dafa wani kejin ƙarfe da babu komai a ciki. Siriri ne, gemunsa fari fat, hannuwansa duk tsofaffin tabo. Ina jin maharbi ne a da, cikin waɗanda suka san fadamar Katuzu tun tana da duhuwa.

Wata Hajja mai buhun tattasai ta ce, "Baba, ina mai kejin?"

"Beguwa ce," in ji shi. "Tun tana 'yar mitsitsiya na ɗauko ta. Jiya ta ci abincinta lafiya lau, kafin azahar ta faɗi. Likitan dabbobi ya buɗe ta ya nuna mini hantar, ta yi fari, duk kitse. Wai gyaɗa da fanken da nake ba ta ne, ga zama wuri ɗaya."

"Allah sarki," in ji Hajja.

"A zamaninmu saiwa suke tonowa, su yi ta yawon daji. Na feɗe da yawa, ban taɓa ganin hanta haka ba. Wannan kuwa ina ta murna tana ƙiba."

Direba ya miƙo hannu zai ɗaure kejin a saman mota. Dattijon ya riƙe gam.

"A'a, ɗana, ba ta son rana."

Sai ya dubi cikin kejin, ya sakar wa direban a hankali.