Ƙwaryar Tuwon Gidan Manzo

Haske ba ta taɓa shiga majami'a ba har ta bar duniya, don a zamaninta babu ko ɗaya a ƙasar Kurfai. Abin da aka san ta da shi a ƙauyensu, can gefen Tabla, shi ne ƙwaryar tuwonta.

Tana da goyon 'yarta Safi Nasara suka ɗauke mijinta Manzo aikin soja. Ya daɗe har aka fara cewa ta yi takaba, sai ga shi ya dawo da ɗingishi da wani baƙon hali. Can bakin teku ya zauna da Kiristoci, ya karɓi addininsu. Ranar da ya iso aka ajiye wa maza ƙwarya a ƙofar gida, wansa Ango da ƙannensa suka kewaye ta. Kafin ya sa hannu sai Manzo ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa da kafaɗunsa, yana motsa baki. Ango ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Mi kaka yi ma tuwonga? Tsahi za ka zuba muna a ciki?"

"Godiya nika yi, Yaya," in ji Manzo.

Ba wanda ya yarda. Da aka yi yankan tsafin gida na bayan girbi kuma ya ƙi taɓa naman, sai magana ta ƙare. Aka ware masa akushi. Fataken Musulmi da ke wucewa zuwa kasuwar Filinge su ma ba su sa hannu da shi.

Wanda bai zauna ƙauye ba zai ce mene ne abin damuwa a nan. To, a Kurfai namiji ba ya cin abinci shi kaɗai sai in maye ne ko mai mugun ciwo. Kullum da yamma Haske takan hango shi daga madafa, ya juya wa gida baya, yana tura loma kamar magani. Tausayinsa ya hana ta sukuni. Sai kuma ta ji ya ce in rani ya yi zai koma kudu, inda ake gaishe shi kamar mutum. Ta san in ya tafi wannan karon ba zai dawo ba.

Ita kuwa tun da aka kawo ta gidan Manzo bai taɓa ganin tana tauna ba. Mace ta ci gaban mijinta? Abin kunya ne da za a kai har bakin rijiya. Ta yi ta juya abin a ranta, har wata rana ta kwashe tuwo duka a ƙwarya ɗaya, ta ja Safi, ta durƙusa gabansa.

"Maigida, gwada min abin nan da kaka yi da hannu."

Manzo ya kama hannun Safi ya kai goshinta, Haske tana kwaikwayo, har ta fara da kafaɗar da ba ita ba. Ranar loma biyu ta iya haɗiyewa don kunya.

Surutu kam an sha shi. Matan ƙauye suka ce soja ya shanye ta, uwarta ta daina zuwa gidan. Haske ba mai baki ba ce, amma akwai taurin kai. Kullum ƙwarya ɗaya, godiya, sannan a ci. Ran Lahadi ba ta daka, Manzo ya tara su gindin aduwa ya ba su labarin Yesu iyakar abin da ya riƙe, wanda ba shi da yawa, yara har sun haddace inda yakan manta. Rani ya zo ya wuce, Manzo bai sake zancen kudu ba.

Shekarar fara, da yunwa ta kwashe mutane, Manzo yana cikin waɗanda suka rasu. Haske ta ci gaba da ajiye ƙwaryar, ita ke jan godiya.

Ango ya tsufa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi cin rani can ƙasar Gwalkwas ba labari. Wata yamma Haske ta hango shi ta saman darni, ya juya wa gida baya da ɗan akushinsa, wuyansa sak na ƙanensa. Haushinsa na shekaru yana nan a ranta, ba ta ɓoye wa kanta ba. Duk da haka ta ɗauki ƙwarya, jikoki na biye da ita, ta durƙusa gaban wan mijinta.

"Yaya, mun kawo tuwo."

"Ke uwar Safi, kin san abin da ni yi mai."

"Na sani. Miya tana sanyi."

Ta kai hannu goshinta. Ango ya riga ya miƙa nasa hannun, sai ya tsayar da shi a bakin ƙwaryar, ya jira har ta gama.