Ruwan da Chundung ta ɓoye wa mai haraji

Chundung mace ce mai fariya, kuma ba ta taɓa musun haka ba. Ko tukunya ta saya sai kowa a coci ya ji. Mutuniyar Jos ce, nas, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Da ta sayi gida a garin Bowie, can ƙasar waje, a 1984, har Jos ta aika da hotonsa aka rataye a falon yayanta.

Gidan yana da ciwo guda. Bangon ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa a tsage yake, duk aka yi ruwan sama sai ɗakin ya cika har idon sawu. A nan matan zumunta na cocinsu suke taruwa, kuma sai sun kwashe ruwa da bokiti kafin su fara waƙa. Ba wadda ta taɓa fitar da maganar waje.

Ana nan sai aka ce mai ƙiyasta darajar gidaje zai zo daga ofishin haraji. Chundung ta ɗauke shi baƙo kamar kowane baƙo. Ta shafe bangon da fenti, ta jingina kabad a kan tsagar, ta shimfiɗa sabon kafet. Mutumin bai ma yi niyyar shiga ba, ita ta ja shi ciki, ta kai shi har ƙasa, ta cika masa hannu da cincin. Ya yaba gidan, ta wuni tana murna.

Da harajin ya fito, ashe an lissafa mata ɗakin ƙasa a matsayin falo na biyu. Albashinta ba zai ɗauka ba. Ko a rage, ko ta sayar da gidan.

"Azzalumi! Har cincin ɗina ya ci!" in ji ta.

Ƙawarta Dorkas ta ce, "Yaya, ke kika yi wa gida kwalliya kamar amarya. Me kike so ya rubuta?"

"Rufe min baki. Wace mahaukaciya ce za ta nuna wa baƙo tsiraicin gidanta?"

"To a ƙasar nan mahaukatan ne ake wa sauƙi."

Ta ɗaukaka ƙara gaban hukumar haraji da ke garin Upper Marlboro. Ta je ita kaɗai cikin leshi da gwaggwaro. Da aka tambaye ta aibin gidan, abin da bakinta ya iya furtawa shi ne akwai ɗan danshi. Aka sallame ta ba ragi.

Ta dawo tana huci, ta ture kabad ɗin, ta yage kafet. Ta sake ɗaukaka ƙara. A zama na biyu ta tafi da ruɓaɓɓen kafet ɗin a leda da matan zumunta a bayanta. Ta juye shi kan tebur, wari ya cika ɗakin. Dorkas ta miƙe ta ba da labarin bokitai, wata ta ƙara da na kwaɗon da suka taɓa kamawa lokacin addu'a. Chundung na tsaye tana cizon leɓe, ana tone mata asiri a gaban baƙi.

An rage harajin. Gidan ya tsira.

Ba ta gode wa kowa ba. A wurin ajiye motoci ta tare matan, ta nuna su da makulli ɗaya bayan ɗaya.

"Abin da kuka faɗa a ciki, ku bar shi a ciki. Don Allah kada in ji wata ta kai maganar nan Jos."